Mayar da motar rimot daga nitiro zuwa burashles: tambayoyin da ake yawan yi min a Zariya

Duk yammar da na fito da motar nan fili sai an taru a kaina, yara da manya, kuma tambayoyin kusan guda ne kullum, wasu ma har gida suke biyo ni da tasu motar a cikin buhu wai in duba musu. Toh shi yasa nace bari in zauna in rubuta su gaba ɗaya. Tawa ƙirar 1/8 ce, wato kashi ɗaya cikin takwas na girman motar gaske, ta hannu na saya da injin nitiro mai girman .21 a jikinta, ta yi wajen shekara biyu a saman wadirof tana shan ƙura kafin in yanke shawarar cire injin in sa mata na lantarki marar burushi, wanda ake ce wa burashles. Abu ɗaya kafin mu fara: duk inda nace "moto" ina nufin injin lantarkin, kamar yadda masu naɗin koyil ke faɗa, inda nace "mota" kuma ita kanta motar ce, don kar a rikice.

Malam wai me yasa ka cire injin, ai shi ne daɗin motar?

Mai ne ya kore ni, ba neman gudu ba. Man nitiro haɗi ne na mitanol da nitiromiten da man shafe inji, na motoci yawanci nitiron cikinsa kashi 20 ne cikin ɗari, wasu har 30. Ni dai tun daga Sabon Gari har Samaru ban taɓa cin karo da shagon da ke ajiye shi ba, kuma abu ne mai kama wuta, masu kawo kaya ta jirgin sama basa son taɓa shi. In ka yi sa'a wani ya samo maka galan ɗaya, shima in baka rufe shi da kyau ba mitanol yana zuƙar laimar iska, damina ɗaya ta isa ta lalata shi. Ga kuma saitin kafireto, ka saita allura da sanyin safiyar hunturu tana tafiya lafiya, ƙarfe biyun rana ta yi ta fara mutuwa da kanta, ka ja igiya har hannu ya yi kanta. Wata ranar sai ka fita awa biyu amma tuƙin da ka yi bai kai minti goma ba.

Ba za a iya zuba mata fetur ba kawai?

A'a. Fulogin injin nitiro baya tartsatsi irin na babur, wani ɗan zare ne mai sinadarin filatinam a ciki, kana hura shi da ɗan batir ya yi ja, injin na tashi ka cire batirin, daga nan mitanol ɗin da kansa ne ke riƙe zaren da zafi. Fetur baya yin wannan aikin. Akwai masu haɗa nasu da mitanol kashi 80 da man zurma kashi 20, masu ƙananan jirage sun daɗe suna yi, amma a mota silo baya zama kuma tashi da ƙyar, sannan mitanol guba ne, yana makantarwa. Gidan da ke da yara ni bazan bada shawarar a ajiye shi a gorar ruwa ba.

Kowace mota ake iya mayarwa?

Ana iyawa, amma ba kowacce ta cancanta ba. Masu 1/8 irin Kyosho Inferno da danginta, waɗanda babbar giyarsu ke zaune kai tsaye akan dif na tsakiya (giyoyin da ke raba juyi tsakanin tayoyin gaba da na baya), su ne mafi sauƙi, ka cire inji ka ɗora moto a gurbinsa kusan an gama. Manyan masu ƙatuwar taya irin T-Maxx na Traxxas da ya fito a 1999, ko Revo na 2004, ko Savage na HPI, su kuma akwai giyabos a ciki kuma nan aikin yake, zan zo kansa. Kamfanonin ma da kansu daga baya sun fitar da na lantarkinsu, E-Maxx da E-Revo da Savage Flux, shi yasa wasu ke neman giyabos ɗin waɗannan su dasa kawai su huta.

In kuma taka ƙaramar 1/10 ce mai araha wadda haƙoran dif ɗinta sun riga sun cinye, farfela na kaɗawa, gaskiya ka haɗa kuɗin ka sayi wadda aka ƙera da lantarki tun asali. Ka kife motar, ka riƙe taya ɗaya ka juya ɗayar a hankali, in kaji ƙaras-ƙaras ko tana tsallake to moto burashles ranar farko zai ƙarasa ta.

Me da me zan saya?

Moto da ESC, wato na'urar da ke karɓar umarnin totur ta raba wa moto wuta, kuma gara ka saye su haɗe daga kamfani ɗaya. Sai batirin LiPo, da caja mai daidaita sel, da mazaunin moto, da finiyon, wato ƙaramar giyar da ake ɗaurawa a sandar moto, guda biyu ko uku masu haƙora daban-daban, da tiren batir da ɗamararsa, da soket mai ɗaukar wuta sosai irin XT90 ko EC5, da shuɗin gam ɗin noti irin na Loctite. Mutane suna lissafa moto da ESC kawai su ce ai da sauƙi, sai kaya sun iso su tarar batir da caja sun kusa cin abin da waɗancan suka ci. Farashi bazan rubuta ba don dala bata zama waje ɗaya, abin da na faɗa yau wata mai zuwa ya zama ƙarya.

Abin da zaka cire kuma: inji da kuloci, salansa, tanki da tiyonsa, matatar iska, batirin risiba (na'urar da ke karɓar saƙon rimot), da sarbon totur (ɗan injin da ke jan sandar totur da birki) in har baka buƙatarsa don birki. Kafin ka ɗora komai ka wanke casis ɗin da omo da tsohon burushin haƙori, don maiƙon nitiro da jar ƙasa in suka haɗu kamar kwalta suke zama, amma ka fara cire boris-boris ɗin kar ruwa ya shige su.

Lambobin nan na jikin moto, 4074 da 2200KV, me suke nufi?

Lamba huɗun girman gwangwanin ne, biyun farko faɗi biyun ƙarshe tsawo, a milimita. Kenan 4074 faɗinsa 40 tsawonsa 74. Mota 1/8 tana son 4068 zuwa 4076 ko 4274, masu sanda milimita 5. Ta 1/10 kuma 3660 ko 3670 sun isa.

KV kuma yawan juyin da moto ke yi a minti ɗaya akan kowane bolt ɗaya in babu kaya a kansa. Batir mai sel huɗu, wanda ake ce wa 4S, 14.8V ne, ka ninka da 2200 ya baka 32,560 a minti. Kaga kusan inda injin .21 ke kaiwa kenan, shi yasa 2000 zuwa 2200KV akan 4S ya zama abin da kusan kowa ke sawa, don giyoyin motar dama da irin wannan juyin aka yi su. Sanannun haɗi sune Mamba Monster na Castle Creations na Amurka, da EZRun Max8 na Hobbywing na China mai amp 150, akwai kuma masu rangwame irin Surpass. ESC ɗin 1/8 kar ya gaza amp 120, 150 ya fi kwanciyar hankali.

Yanzu ga inda matasa ke faɗawa: sun ga an rubuta ESC yana ɗaukar 6S sai suce ai sai 6S. Wannan 22.2V ne, juyi 48,840 akan moto ɗaya, a motar da aka ƙera don inji mai kuloci. Garin neman gira a rasa ido. Motar da aka mayar, a yanayin zafinmu, 4S ya ishe ta, ni ban taɓa ganin wanda ya tuƙa tawa yace gudun ya yi masa kaɗan ba.

Mazaunin moto fa, dole sai na waje?

In akwai wanda aka yi musamman don ƙirar motarka ka saye shi, ya fi. In babu ana ƙerawa a gida, nawa ma a nan aka yi. Alminiyon mai kusurwa mai kaurin milimita 5 ko 6 zaka nema, ka yanka kwali daidai siffar da kake so ka gwada shi a jikin motar tukuna, sannan ka kai wa masu injin juya ƙarfe, akwai su a Sabon Gari, in kuma kana da hanyar Kaduna to Panteka babu abin da basa fitarwa. Ramukan notin moto irin wannan tazarar milimita 25 ce tsakaninsu, kuma ka ce musu su yi su dogaye ba zagaye ba, don moton ya riƙa matsawa gaba da baya lokacin saita giya. Ka tafi da moton da babbar giyar a hannu, kar ka tsaya kwatance da baki.

Na farkon da aka yi min da falle ne siriri, ni na zaɓa don yafi araha, ina taka totur yana lanƙwashewa kaɗan finiyon ya ja baya, cikin minti biyar haƙoran babbar giya suka zama gari. Araha bata ado. Sannan ka auna tsawon notin da ke shiga fuskar moto, in ya yi tsawo zai taɓo koyil a ciki, shikenan moto ya tafi tun bai juya ba. Casis ɗin alminiyon kuma huda shi ake yi a ɗaure da noti, kar ka bari mai walda ya ce zai ɗan ɗiga maka.

Batirin 4S mai 5000mAh ya kai rabin kilo ko fiye, don haka a kishiyar moto zaka ajiye shi, ƙasa-ƙasa, wajen da tanki da salansa ko akwatin risiba suke da, ya danganta da ƙirar. Ka ɗaga motar da yatsu biyu ta tsakiya gaba da baya kaga ko tana rinjaya gefe. A ɗaure shi da ɗamara biyu da soso a gaba, don in mota ta daki dutse batir ne ke fara neman hanyar fita.

Na haɗa komai tana tafiya gaba amma babu birki babu ribas, me ya faru?

Wannan ita ce tambayar da tafi kowacce, kuma ba laifin ESC bane. A motar lantarki moto ne ke yin birki, ESC na riƙe shi, shi kuma ya riƙe giya, giya ta riƙe taya. Toh yawancin motocin nitiro masu giya biyu akwai wani boris a giyar farko mai kamawa ta gefe ɗaya kawai, irin na bayan keke da kake daina taka feda taya na ci gaba da juyawa. Amfaninsa in giya ta biyu ta shiga ta farko ta saki. Da inji babu matsala don birkin faifai ne da sarbo ke ja. Amma da moto, kana jan birki moton zai tsaya cak, motar kuwa ta ci gaba da gangarawa abinta, in kasa ribas kuma kaji yana ta juyi a banza.

Hanya uku ce. Ta farko ka bar birkin faifan da sarbonsa yadda suke, ka raba wayar tasha ta biyu ta risiba, wato ta totur, gida biyu, ɗaya ESC ɗaya sarbo, ka cire sandar da ke zuwa kafireto, ka kashe birki da ribas a saitin ESC. Tana aiki sosai, moto ma yafi yin sanyi tunda ba shi ke tsayar da mota ba, sai dai duk inda ta maƙale sai ka taka da ƙafa kaje ka juyo ta. Ta biyu ka kashe giya biyun ka mayar da ita ɗaya, yawanci akan ta biyu ake kullewa, a cire boris ɗin ko a ɗaure giyar da sandarta da fin. Moto baya buƙatar giya biyu dama, tun daga tsaye ƙarfinsa a cike yake. Ta uku ita ce dasa giyabos ɗin 'yar uwarta ta lantarki in akwai.

Ni na fi son ta biyu. Kulocin giya ta biyu da aka yi don inji in moto ya buga shi da ƙarfi baya daɗewa, gara babu shi. Masu dif na tsakiya kuwa babu ruwansu da duk wannan, su cire faifan birki su bar wa moto.

Finiyon mai haƙora nawa zan sa?

Kafin yawan haƙora, girman haƙora. Yawancin 1/8 Mod 1 ne, wasu motocin kuma 32P wanda ya yi kusa da Mod 0.8, in ka haɗa wannan da wancan zasu shiga juna kamar sun dace amma cin juna suke. Ramin finiyon ma ya dace da sandar moto, milimita 5 ko 3.175.

Sai ka ƙirga haƙoran ƙararrawar kulocin da ka cire, wato ƙoƙon nan mai haƙora da ke juya babbar giya, ka fara daga nan ko ƙasa da haka da ɗaya. Misali babbar giya 46, ƙararrawa 13, rabo 3.5 kenan. In kasa 15 ya koma wajen 3.1, gudu ya ƙaru zafi ya ƙaru, in kasa 11 ya zama 4.2, gudu ya ragu moto ya huta batir ya daɗe. Wajen saitawa ka saka 'yar takardar littafi tsakanin giyoyin biyu, ka matso moto ka ɗaure, ka zare takardar, ya kamata kaji ɗan wasa kaɗan in ka kaɗa babbar. Ƙaramin notin finiyon ya zauna akan shafaffen gefen sanda, da ɗigon shuɗin gam, ka barshi ya kwana.

Alƙalin duka shine zafi. Ka yi minti biyar ka tsaya ka auna gwangwanin moto, kar ya wuce digiri 75 zuwa 80, don zafi mai yawa yana kashe ƙarfin maganaɗisun ciki kuma baya dawowa. In baka da ma'aunin zafi mai kamar bindiga, ka ɗora yatsa, in baka iya ƙirga uku ba to ya yi yawa, ka sauke haƙori ɗaya ko biyu. Kuma ka tuna shawarar finiyon da zaka gani a takardar moto ko wajen Turawa ta masu tuƙi ne a digiri 20. Mu nan a watan Maris da Afrilu iska kanta tana neman 40, ƙasa kuma tafi haka, kenan tun kafin ka taka totur ka riga ka ci rabin hanya. Ni finiyon biyu nake da su, na hunturu da na bazara, tsakaninsu haƙori biyu, kuma a bazara bana fita sai bayan la'asar. Yashi da doguwar ciyawa suma suna dafa moto fiye da busasshiyar ƙasa.

Ance batirin nan yana kama wuta, da gaske ne?

Da gaske ne, in aka wulaƙanta shi. Kowane sel 3.7V ne a suna, in ya cika 4.2V, kuma bai kamata ya sauka ƙasa da 3.0 ba, shi yasa zaka saita ESC ya yanke wuta a 3.2 zuwa 3.4 kowane sel. In mota ta rage ƙarfi da kanta to ta gama kenan, kar ka kashe ka kunna don ka ƙara zagaye ɗaya. In zaka ajiye shi fiye da kwana biyu-uku ka barshi a 3.8, cajojin suna da wannan saitin, ajiye shi a cike cikin zafi shi ke sa ya kumbura kamar batirin tsohuwar waya. Wanda ya kumbura sosai ko ya fashe a gefe ya gama aiki, kar a huda shi, a jona masa ƙwan mota a waje har ya mutu gaba ɗaya.

Ana caji akan siminti ne, ba kan katifa ko kafet ba, kana kusa, ni a cikin tukunyar ƙasa nake sa nawa da bokitin yashi a gefe. Kar ka barshi cikin mota a rana. Kuma kana gama wasa ka zare soket, makunnin ESC ko a kashe yake yana ɗan tsotsa, nawa na farko haka ya mutu, na manta shi a jone na yi tafiya Kano sati ɗaya na dawo na tarar da gawa.

Lambar C kuma, wato yawan wutar da batir zai iya fitarwa lokaci ɗaya, 5000mAh mai 50C a takarda amp 250 kenan, amma marasa suna suna rubuta abin da suka ga dama, ka sayi wanda aka sani, mai ƙoƙon roba mai tauri.

Da wannan wutar tamu ya ake caji?

Nan ma lantarkin bai kai yadda ake tsoro ba. Caja irin iMAX B6 wutar batir take ci, 11 zuwa 18V, kenan zaka iya maƙala ta kai tsaye a batirin sola ko na inbata mai 12V, ko na mota in ka fita fili, amma na mota kar ka yi ta ja inji a kashe har ya kasa tashi. In inbatarka 24V ce to kar ka jona a kan duka batiran biyu. Batirin 4S 5000 gaba ɗayansa wat-awa 74 ne, wajen batirin inbata mai 200Ah wannan ba komai bane. Sai dai B6 wat 50 ce kawai, akan 4S amp 3 take iya bayarwa, kenan kusan awa biyu, alhali batirin zai ɗauki amp 5 lafiya. Jabunta kuma sun cika kasuwa, ka gwada da mita kaga ko 4.2 ɗin da take nunawa gaskiya ne. Kullum ka jona ƙaramar farar wayar daidaita sel. In wuta na rawa ko an tada janareto ƙarami ni bana jonawa a bango, batir nake bi.

In wani ɗan uwa zai taho maka da shi ta jirgi, a jakar hannu ake sawa ba a cikin kaya ba, kuma wanda bai wuce wat-awa 100 ba shi ne ke wucewa ba tare da neman izini ba. 4S 5000 ya shiga, 6S 5000 kuwa 111 ne.

Yaya, in na haɗa batiran laftof fa? Ko moton injin huda?

Ƙanena, batiran laftof an yi su ne su bada wuta kaɗan na dogon lokaci, wannan motar kuwa in ta zabura tana iya jan amp ɗari. Zasu yi zafi, wuta ta faɗi, ESC ya yanke. Moton injin huda kuma yawanci mai burushi ne mai waya biyu, ESC ɗin burashles waya uku yake fitarwa. Don ƙaramar motar da ka ƙera da kanka suna da kyau, ka ci gaba, amma ba a wannan ba.

Rimot ɗina na da zai yi?

In 2.4GHz ne zai yi. In kuma tsohon nan ne mai doguwar eriya da kiristal na 27MHz, canza shi, ko mai sauƙi irin Flysky GT3B ya fi shi nesa ba kusa ba. Sitiyari a tasha ta 1, ESC a ta 2. ESC da kansa yake ba risiba wuta, don haka batirin risiba ya fita, kuma ka bar wutar a 6V sai in ka tabbata sarbonka na ɗaukar 7.4. Duk saitin da ka yi wa totur lokacin inji ka goge shi, tirim ya koma sifili, iyaka ta koma 100, in rimot ɗin yana da maɓallin 70/30 ka mayar 50/50. Sannan ka koya wa ESC tsakiya da ƙarshen totur da ƙarshen birki yadda takardarsa ta ce, tayoyi a sama, mota akan bulo. Ka kashe rimot da gangan kaga ko zata tsaya, in bata tsaya ba ka saita wannan kafin ta taɓa ƙasa.

Ina taka gaba tana yin baya.

In moton marar sensa ne, ka musanya kowane biyu cikin wayoyi ukun. In mai sensa ne, wato mai ƙarin siririyar waya bayan ukun, kar ka taɓa wayoyin, a saitin ESC ake juyawa.

Me zai fara karyewa?

Haƙoran dif, sai kofunan farfela da sandunan taya. Inji yana da kuloci da ke shigar da ƙarfi sannu-sannu, moto kuwa lokaci ɗaya yake saukewa. Ka rage saitin zabura na ESC zuwa ƙasa ko tsakiya, in akwai kulocin silɓi a babbar giya ka ɗan sassauta shi, ka buɗe dif ka sa siririn zoben ƙarfe (washa) in akwai rata, kuma in ta yi tsalle ka saki totur kafin ta dira, yawancin karaya a nan take faruwa. Tayoyi ma zaka ga suna kumbura su zama kamar faifai in ta ɗau gudu, a sake bin bakinsu da sufa gulu, wasu suna naɗa salatif mai zare ta ciki.

Ƙura da ruwan sama fa?

Ƙurar hunturu da take cinye injin nitiro ta matatar iska bata yi wa moto haka, amma tana kashe 'yar fankar ESC kuma tana shiga boris. Bayan kowace fita ka bi ta da burushin fenti, lokaci-lokaci ka kai wajen mai faci ya hura mata iska, ka riƙe fankar da yatsa kar iskar ta juya ta fiye da ƙima. Da damina ko an rubuta ESC baya jin ruwa, boris da noti suna ji, ka shanya ta ka ɗiga mai.

A ina kake tuƙa ta, kuma minti nawa take yi?

Duk filin ƙwallon da babu kowa, bayan na nemi izinin masu wajen. Kan titi a'a. Abu ne mai kilo huɗu zuwa biyar da ke iya yin kilomita 60 a awa, in ya samu idon sawun yaro ko ya shiga ƙarƙashin ɗan acaba magana ta zama babba, kuma yanzu da bata da ƙara mutane basa jin zuwanta, awaki ma sai ta zo gab suke watsewa. Batir ɗaya yana bani minti 15 zuwa 20 in ban matsa mata ba, ina zuwa da biyu, tsakaninsu in bar moto ya huce.

Tsohon injin ka sayar min mana.

Yana nan amma ba na sayarwa bane. Na zubar da sauran man, na cire fulogi na ɗiga mai ta ramin da ta kafireto, na juya shi da hannu sau da yawa, na toshe bakin kafireto da na salansa da tsumma, na ƙulle a leda tare da tankin da kulocin a cikin gwangwanin madara. Ramukan casis na asali ma ban taɓa su ba, sababbi na huda a gefe. In Allah ya kawo wanda zai taho da galan ɗaya ta mota, aikin yamma ɗaya ne in mayar da shi, don ƙarar nan da warin hayaƙin har yanzu ina kewarsu, ranar kuwa duk unguwar sai ta san na fito.